Akwatin da Ke Ƙarƙashin Talabijin

Ranar Talata da hantsi Mansura ta dawo daga wurin rigakafi da ɗiyarta Ummu Hani a goye, yarinyar ta sha kuka har barci ya kwashe ta. Ta tura ƙofar falo da gwiwa, ta sauke jaka, ta ɗaga kai don ta ga 'yar fitilar nan shuɗiya da ta saba gani. Babu fitila. Katakon da aka kafa a bango ƙarƙashin talabijin yana nan, wayoyi biyu na reto a jikinsa, amma kwamfutar ba ta nan.

Ba wata babbar aba ba ce a ido. Baƙin akwati ne da bai kai faɗin faifai ba, mako uku ke nan da sayensa. A ciki Mansura ke buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa da tsara katin biki, a ciki kuma mijinta Abdussamadu ke buga ƙwallo da ƙanensa Faruk duk ƙarshen mako in ya dawo daga wurin aikinsa a Yawuri.

Kuskuren da ta yi shi ne tambaya da ƙarfi. Ta fito tsakar gida ta ƙwala wa Roda kira, ta ce ko ta ga wanda ya shiga falo. Roda matar Isuwa ce, 'yan haya a ɗakunan da ke jikin nasu. Ita ke riƙe mata Ummu Hani kowace safiya, tare da tata ɗiyar Hope, don Mansura ta samu ta yi aiki. Ran nan ita kaɗai aka bari a gidan, tana wanki a bakin famfo ta baya. Hajiya Riskuwa ta maƙwabta ta ji tambayar ta kan katanga. Kafin a kira azahar, layin nan na unguwar Badariya kaf ya san an yi sata, ya kuma san wadda aka bari a gida.

Alhaji Muhammad Sani, surukin Mansura kuma mai gidan, ya dawo daga kasuwa ya tarar da mata cike da tsakar gida. Bai yi faɗa ba. Ya aika aka kira Isuwa daga garejinsa, ya ce masa shi ba ya zargin kowa, amma in gari ya waye ranar Alhamis ba a ga abin nan ba, magana za ta je wurin 'yan sanda, kuma gara su nemi wani gidan. Roda na tsaye a bayan mijinta da kumfar sabulu a hannu.

Mansura ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Wata bakwai Roda na ɗaukar mata ɗiya, ita ta fara lura ran da zazzaɓi ya kama yarinyar, ita ta goya ta da gudu zuwa asibiti. Mansura ta jawo waya ta kira kawunta a Gulma.

*

Kawu Labbo yayan mahaifiyarta ne, kuma duk ƙasar Argungu an san shi da bin sawu. Shanu, injin ban ruwa, kwalekwale, har buhunan shinkafa da aka kwashe daga masussuka, ya sha bin su har inda aka kai su. Ya iso Laraba da safe a bayan babur ɗin ɗansa Zayyanu, da sandarsa a kan cinya.

Zayyanu tobashin Mansura ne, shi ɗan namiji ita ɗiyar mace, don haka tun suna yara yake kiranta baiwarsa. Mutum ne dogo mai baki, yana da gidan kallon ƙwallo a Gulma, in ya shigo gida tun daga zaure ake jin sa yana tambayar mi aka aje wa ubangida. Ran nan ya jingina babur a bango, ya gaishe ta da Maman Ummu, ya yi mata jaje, ya ce zai jira a waje. Ta ɗauka nauyin abin da ya faru ne ya sa shi kamewa.

Labbo ya ƙi shiga sai da ya sha kunu, ya ɗauki jikarsa ya yi mata wasa. Sannan ya tsaya a tsakar gida ya dubi ƙasa, ya girgiza kai. Ya ce matan Badariya sun yi masa huɗa a gona, ko giwa ce ta shigo ba za a ga sawunta ba.

"To, ɗiyata, mi aka ɗauka? Ki kwatanta mini awa kina kwatanta akuya."

Ta kwatanta masa. Ya ce shi ya ɗauka kwamfuta ita ce wannan allon da ke bango. Ta ce wannan talabijin ce kawai, ita ke nuna abin da akwatin ke yi. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon katakon, wanda ya kai masa daidai goshi, shi da yake dogo. Ya tambayi dalilin da ya sa aka rataye shi can sama. Ta nuna masa Ummu Hani, wadda a lokacin ta dafa kujera ta miƙe tana ƙoƙarin cusa carbinsa a baki.

Aka kira Roda. Idanunta sun kumbura, amma ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Bai tambaye ta ko ta ɗauka ba. Ya ajiye hularsa a kan katakon, ya ce ta taimaka ta sauko masa da ita. Roda gajera ce. Ta yi ɗage har yatsunta na rawa, ba ta kai ba. Ya tambaya ko akwai abin takawa a gidan. Kujera 'yar tsugunno ɗaya ce, tana ɗakin girki, kuma tukunyar geron da Mansura ta jiƙa tun Litinin na zaune a kanta, zoben ruwa ya bushe a kewaye da gindinta ba a gusa ba. Kujerun falo kuwa manya ne, da an ja su da ledar ƙasa ta nuna.

Roda ta ce ita dai ta ji ƙarar babur, amma babura na wucewa wuni guda, ga famfo na zuba, ga rediyonta a kunne.

Mansura ta ji sanyi a ranta, ta garzaya ta faɗa wa Alhaji. Ya saurara, ya ce gajarta ba ta hana mutum buɗe wa dogo ƙofa. Maganarsa na nan.

Da ta dawo ta tarar da Labbo a tsugune a bakin ƙofar falo, can gefe inda ƙafar jama'a ba ta taka ba. Ya ɓanɓaro wani ɗan busasshen taɓo baƙi, ya murza a yatsa, ya sansana. Ya ce ƙasar Badariya ja ce, wannan lakar fadama ce, kuma ta zubo ne daga takalmin da aka cire aka ajiye a gefe.

"Ɓarawonki mai ladabi na," ya ce. "Sai da ya tuɓe takalmi kahin shi shiga."

*

Mutum ɗaya ne a gidan ke zuwa fadama. Faruk ɗalibi ne, shekararsa ashirin da huɗu, kuma tunda aka yi hutu Alhaji ya ɗora masa duba gonar shinkafa kowace Talata. Mansura ba ta so ta faɗa ba, amma ta faɗa: ranar Lahadi ya roƙe ta aron kwamfutar zuwa gidan abokinsa, wai suna da gasa, ta hana, ya fita yana ƙunƙuni.

Suka same shi a ɗakinsa yana karin kumallo. Ya ce ai jiya tun sassafe yana gona, bai dawo ba sai bayan azahar. Labbo ya ce madalla, a nuna masa takalmin gona. Faruk ya jawo dogayen takalman roba daga bayan ƙofa. Labbo ya kifa ɗaya ya bubbuga, gizo-gizo ya faɗo ya ruga da gudu, yana jan zarensa.

Faruk ya dubi gizon, ya dubi ƙofa, ya rage murya. Ya ce don Allah kada Baba ya ji. Mako uku ke nan bai taka gonar ba, yakan kira mai gadin ya tambaye shi labari, shi kuma ya wuce shagon wasa a unguwar Nasarawa. Jiya ma can ya wuni, mutum goma za su shaida, don ya ci su duka.

"Anti, ki yi tunani mana. In ni ne, zan ɗauki akwati in bar hannun wasa biyu a durowa? Da me zan buga, da cokali?"

Mansura ta kusa yin dariya. Hannayen wasan na nan kuwa, ta gan su jiya. Faruk ya ce in ana neman wanda ya san darajar abin kuma ya san gidan, a tambayi Clement, wanda ya sayar da shi, shi ya zo ya kafa katakon da hannunsa, kuma yana da babur.

A hanyar fita Labbo ya ce masa shi ba ya kai ƙarar abin da ba a aike shi nema ba, amma shinkafa na fitar da kai a wannan watan, tsuntsu kuma ba ya karɓar umarni ta waya.

*

Suka hau keke mai ƙafa uku zuwa Nasarawa, Ummu Hani na tsakiyarsu tana cin ayaba. Zayyanu ya ce shi zai tsaya ya kula da babur.

Shagon Clement ɗan ƙarami ne, fanka biyu na juyawa, kwalaye har rufi. Labari ya riga su isa. Ya ba Labbo kujera, ya sayo wa yarinyar biskit, ya ce shi kam jiya yana Sakkwato ɗauko kaya, ga takardar mota in ana so. Labbo ya ce ba takarda ya zo gani ba. So yake a gaya masa yadda aka yi mace mai hankali ta tsallake duk manyan injunan nan ta zaɓi ɗan abin da za a sa a aljihun babbar riga.

Clement ya yi dariya, ya ce Baba, tun da ya buɗe shago ba a taɓa wahalar da shi kamar yadda Madam ta yi ba. Kwana uku tana zuwa. Ran farko ya nuna mata ta cinya, mai naɗewa, ta ce ta taɓa yin irinta, Ummu Hani ta shayar da ita kunu ta mutu. Ya nuna mata babbar nan mai tsayuwa a ƙasa, wadda 'yan wasa ke so, ta tambayi wutar da take ci. Da ya faɗa, ta ce solarsu ba za ta ɗauka ba, kuma ba za ta ajiye abu mai fanka da wayoyi a inda ɗiyarta ke rarrafe ba.

Mansura ta karɓe zancen, don har yanzu tana jin daɗin tuna shi. Ƙananan iri biyu ne. Akwai marar fanka, shiru kamar ba ta nan, ta isa buga takardu da tsara kati, kuma ita Clement ya so ta ɗauka. Ta ce a sa mata wasan ƙwallo a gwada. 'Yan ƙwallon da ke kan allo suka riƙa tafiya suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa. Ɗayar tana da fanka a ciki, tana ɗan huci in an matsa mata, amma ƙwallo na gudu sumul, kuma ana iya buɗe ta a ƙara mata ƙwaƙwalwa nan gaba. Ta sa aka bar ta a kunne awa biyu cikin zafin rana, tana taɓa bayanta tana ji, ta ƙirga ramukan da ake soka waya, ta tabbatar za ta hau talabijin ɗin gida ba sai an sayi wani allo da yarinya za ta jawo ba. Ita ta ɗauka. Kwana biyu kacal Abdussamadu ke yi a gida cikin mako, ta fi son ya yi su a falo da ɗiyarsa a cinya da ya yi su a shagon wasa.

Labbo ya gyaɗa kai, ya ce haka ake sayen saniya.

Clement ya tambaya ko an haɗa da cajar. Mansura ta ce tana nan, ta ɗaure ta da igiya a bayan kabad saboda yarinya. Ya buɗe hannu, ya ce to wanda ya ɗauka bai ɗauki komai ba. Wannan akwatin ba ya tashi da kowace caja sai tasa, kuma duk wanda ya san kwamfuta, ko da wuƙa ne sai ya yanke igiyar ya tafi da ita.

Labbo ya ce a nuna masa 'yar'uwarta ya ga kamarta. Clement ya ce tana kan kanta a bayansa, ya gwada ganewa. Tsohon ya miƙe, ya bi baƙaƙen akwatunan da ke jere da kallo, ya ɗora yatsa a kan ɗaya da ƙarfin zuciya.

"Baba, wannan dikoda ce," in ji Clement. "Ta kallon tashoshi. Ga kwamfutar nan kusa da ita."

Mansura ta yi dariya, Clement ya ce kada Baba ya damu, kullum sai an yi masa wannan kuskuren a shago. Labbo bai yi dariya ba. Ya ɗauki biyun, ɗaya a kowane hannu, ya juya su, ya mayar. Ya yi godiya, ya roƙi Clement ya zo Badariya bayan la'asar. A cikin keke yarinyar ta miƙa masa guntun biskit ya karɓa.

*

Da suka koma gida ya tsayar da ita a tsakiyar falo. Ya ce ta yi kamar kwamfutar na nan, ta nuna masa yadda take tashinta da safe, kada ta tsallake komai.

Ta ce tana fara kai yarinya wurin Roda. Ta dawo ta jawo tebur, ta fito da abin bugawa daga durowa. Sannan ta kunna talabijin. Ta miƙa hannu sama wajen katakon, hannun ya tsaya a iska.

Rimot ɗin ba ya nan. Jiya ta lura ba ta gan shi ba, ta ce a ranta Ummu Hani ce ta jefa shi wani wuri, don ta taɓa tsamo shi daga randa. Amma tun ran da aka kafa katakon, a kan akwatin take ɗora shi, can inda yarinyar ba ta kaiwa. Jiya da safe ma da hannunta ta ɗora.

Labbo ya tambaya ko rimot na da wani aiki a jikin kwamfuta. Ta ce ko kaɗan, na talabijin ne. Ya tambaya mene ne ake saya tare da rimot ɗinsa. Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta dube shi.

"Kawu, ka san ko wane ne."

"Ki dafa muna shayi," ya ce. "Ki gaya wa surukinki ina son kowa shi zo."

Ta taga ta hango shi ya fita ta ƙaramar ƙofa, ya tsaya a jikin bangon waje kusa da babur, yana shafa siminti da yatsa.

*

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Alhaji na kan kujera. Isuwa ya zo da kayan aikinsa a jiki, Roda na gefensa. Faruk ya zauna nesa da mahaifinsa, Clement ya rungume hular babur ɗinsa. Labbo ya aika aka shigo da Zayyanu, ya tsuguna a bakin zaure. Mansura na zuba shayi, tana jin motsin Hajiya Riskuwa a bayan katanga.

Labbo ya bi su ɗaya-ɗaya a hankali. Ya ce Roda ba ta kai katakon ba, kuma wanda aka buɗe wa ƙofa ya yi sata ba ya tsayawa cire takalmi. Faruk da Clement sun san kwamfuta, da su ne da sun tafi da caja sun bar rimot. Wanda ya shiga ya yi akasin haka. Dogo ne, ɗan fadama ne, ya saba da gidan har yana jin kunyar taka leda da takalmi, kuma a zatonsa dikoda ya ɗauka. Alhaji ya ce rabin garin nan na iya zama haka.

Labbo ya ce gaskiya ne. Amma shi ya san mutum ɗaya da dikodarsa ta ƙone mako biyu da suka wuce, ya hana gida sakat da zancenta. Ya kuma san babur ɗaya da jakinsa ya karye, sai dai a jingina shi. A bangon waje akwai kartar hannun babur guda biyu, tsayinsu ɗaya, ɗaya ta yau, ɗaya ƙura ta fara hawa.

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi. Bai juya ba.

"Zayyanu, ba Mansura rimot ɗinta."

Zayyanu ya miƙe ya fita. Suka ji yana kwance igiyar roba a bayan babur. Ya dawo da buhun taki a naɗe, ya warware a gaban Alhaji. Akwatin na ciki a nannaɗe da rawani, rimot na kansa.

Ya yi magana kansa a ƙasa. Jiya daga fadama ya shigo gari sayen bututun injin ban ruwa, ya biyo ya gaida tobashiyarsa, ya yi sallama ba a amsa ba. Ya leƙa falo ya ga dikoda sabuwa. Kowa a dangi ya san al'adarsu: bai taɓa shiga ɗakin Mansura ya fita hannu wofi ba, tocila, buta, har agogon bango ya taɓa ɗauka, ita ma ta taɓa riƙe masa waya mako guda. Ka'idar dai ita ce ka kira ka yi kuri, a yi dariya, a fanshi abu da goro. Ya yi niyyar sai ya haɗa ta jama'a sun zauna kallo sannan ya kira ta ta ji ihun 'yan kallo. Ya soka cajar dikodarsa, abu ya ƙi tashi. Ya kai wa mai gyara a Argungu, mai gyara ya ce wa ya ba ka kwamfuta. Yana isowa gida ya tarar da Baba na waya, ana zancen ɓarawo da 'yan sanda. Ya kasa fitowa ya ce shi ne. Shi ya sa ya ce zai kawo Baba, don ya samu ya mayar da ita a ɓoye, sai ya tarar gidan ba ya rabuwa da mutane.

Faruk ya tuntsire da dariya, Alhaji ya harare shi ya haɗiye. Clement ya karɓi akwatin ya shiga falo, Mansura ta bi shi da ido ta ƙofa. Ya soka wayoyi, 'yar fitilar ta kawo, fanka ta yi ɗan hucinta, takardun jarrabawa suka bayyana a bango yadda ta bar su. Ya ce Allah ya taimaka cajar dikoda ba ta da ƙarfin da za ta yi ɓarna.

Mansura ta juyo wajen tobashinta. Ta ce ɗaukar ba ta dame ta ba, haƙƙinsa ne, ko talabijin ɗin ya ciro da sai dai ta bi shi Gulma ta kwaso tukwanen matarsa. Amma tun safe yana zaune a ƙofar gida, yana ganin Roda na wucewa da fuska a kumbure, ya yi shiru. Wannan ba wasan tobassai ba ne. Sannan ta matsa ta durƙusa a gaban Roda, ta ce ita ta fara jawo mata, da ta yi tambayarta a ɗaki da ba a kai nan ba.

Roda ta ɗago ta. Ta ce, "Maman Ummu, ke kika kira Kawu. Na gani."

Alhaji ya daɗe yana gyaran murya. Daga baya ya ce wa Isuwa shi kam ya san ya yi gaggawa, a yi haƙuri, gida nasu ne har ran da suka ga dama. Isuwa ya ce ba komai Baba, sai dai shi matarsa ce abin ji, jiya ta je sayen kayan miya mai tebur ya janye kwanonsa daga gabanta. Alhaji ya ce za a san yadda za a yi. Ya dubi Zayyanu, ya ce tunda abin na dangi ne, a bar shi a nan cikin gida, kada a tona wa yaro asiri.

Labbo ya ce a'a. Ya ce shekara arba'in yana bin sawun 'ya'yan mutane yana kai su gaban iyayensu, ba zai zo kan nasa ya share ƙasa da ƙafa ba. Sunan matar nan gida-gida aka bi aka ɓata shi, gida-gida za a bi a gyara. Ya tambayi Roda daga ina take so a fara. Ta dubi katanga, inda motsi ya ɗauke ɗif, ta ce ai ba sai an yi nisa ba.

Mansura ta saɓa Ummu Hani a kafaɗa ta fito ƙofar gida, Roda na gefenta da Hope. Rana ta yi sanyi, maza na zaune a kan benci, yara sun taso daga Islamiyya. Zayyanu ya nufi ƙofar Hajiya Riskuwa, Labbo na biye da shi da sanda, taku uku a tsakaninsu. Ya yi sallama, aka amsa tun bai rufe baki ba. Ya fara bayani ƙasa-ƙasa, cewa shi ne Zayyanu ɗan Labbo na Gulma, shi ya ɗauki abin, Maman Hope ba ta san komai ba.

Labbo ya taɓa masa duddugen ƙafa da sanda.

"Ɗaga murya," ya ce. "Jiya ba da raɗa aka yi ba."